Wayar Tana da Rai

Tun kafin Yaya ta gama buɗe akwatin wutar masana'antar ta ga sawun haƙorin ƙaninta a jikin waya.

Kowane mai gyaran wuta da abin da yake feɗe waya da shi, wani filaya, wani reza. Auta, ƙanin nata, shi da haƙori yake yi. Haƙorinsa na gaba ya ɓalgace tun yana ƙarami, saboda haka duk robar da ya ciza sai ya bar mata zane biyu, ɗaya mai zurfi, ɗaya sama-sama. Batir ma da harshe yake gwada shi. Yaya ta mare shi a kan wannan hali tun suna shagon babansu, ta ja kunnensa, ta kai ƙararsa wajen Inna, duk a banza. Ga shi yau zanen nan biyu yana kallonta daga jikin wata jar waya sabuwa fil, tef ɗin da aka naɗe ta da shi ko ƙura bai ɗauka ba.

"Wa ya yi muku wannan aikin?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Tsohon aiki ne, tun kafin in zo nan yake," in ji Manaja. "Malama, ba tarihi na kira ki ki karanta mini ba. Da an sa fis sai ya ƙone. An sa mai kauri, shi ma ya ƙone. Masu gyara sun zo sun tafi, kowa ya ce wayar a binne take cikin bango, sai dai a nemo matar nan mai na'ura. Ga mota can a waje tana jiran kaya. Ki nemo inda matsalar take, ki gyara, ki kama gabanki."

Mutum ne tsaf-tsaf, farar riga a goge, sai ƙamshin turare, magana kuma a hankali kamar ba ya son ya ba wa bakinsa wahala. A bayansa mai gadi ne tsaye, wani ƙato da guntun bututun ƙarfe a hannu.

Su biyu ne kaɗai wajen iyayensu, Yaya da Auta, kuma tun da Baba ya rasu ita ke riƙe da shagon. A bara suka yi faɗa, Auta ya ce ya gaji da zama ƙarƙashin mace mai magana kamar ta haɗiyi rediyo, ya tattara kayan aikinsa ya fara cin gashin kansa. Kwanakin baya ya ce wa Inna ya samu babban aiki a bayan gari, amma an ce kada ya faɗi wurin. Ya fita da safe, bai dawo ba. Babu asibitin da Yaya ba ta leƙa ba. Inda ta kai rahoto aka ce mata ai namiji ne, ta je gida ta jira. Inna kuwa ta daina cin abinci, ta jawo kujera ta zauna tana fuskantar ƙofa, ko akuya ce ta taɓa ƙyauren sai ta miƙe.

Yanzu ga haƙorinsa a nan, ga kuma mutum yana yi mata ƙarya ido cikin ido. Tsoro ya kama ta. Ta durƙusa kan jakarta kamar mai neman wani abu.

Wurin babban zaure ne guda. Akwatin wuta yana kusa da ƙofar shiga, injinan cika kwalba a tsakiya sun yi tsit, can ƙarshe kuma kwalaye ne jibge har kusan rufi. Maganin tari na yara suke yi, ko abin da suke kira maganin tari. Warin sukari ne ya gauraya da wani abu mai yaji kamar fenti. Matan da ke liƙa takarda a jikin kwalabe suna zaune a waje ƙarƙashin rumfa, suna jiran wuta ta dawo.

Abu na farko, ta zare babban fis ɗin, na farin tangaran, ta jefa shi a aljihun rigar aikinta.

"Ina za ki kai shi?" in ji Manaja.

"Yana tare da ni har in gama. Haka muke aiki."

Dokar Baba ce. Dokokinsa biyu ne kacal, Allah ya jiƙansa, amma a kansu yana iya cire wa yaro fata. Ta farko, wanda ya kashe wuta ya tafi da fis ɗin a jikinsa, don kada wani sarkin shisshigi ya mayar da shi kana can hannu dumu-dumu cikin waya. Ta biyu kalma ce. In waya tana ɗauke da wuta, a shagonsu ba a cewa akwai wuta, sai a ce da rai. In ka ga mutum zai kai hannu kan waya mai rai, ka faɗa masa. "Ko wanda ya zagi uwarka ne," in ji Baba. "Ka ce masa da rai. In ya janye hannu, ku ci gaba da faɗanku." In kuwa babban gida ne, ɗaya yana wannan kusurwa ɗaya yana waccan, murya ba ta kaiwa, sai a ƙwanƙwasa bututu bibbiyu. Ma'anar ɗaya ce.

Ta fito da na'urar. Guda biyu ce, Auta ne ya raɗa musu suna uwa da 'ya. Uwar ƙaramin akwati ce mai wayoyi biyu, kowace da bakin ƙarfe mai cizo. Ta maƙala su a kan wayoyin da ke fita daga gurbin fis, ta danna. 'Yar kuwa kamar tocila take, ana riƙe ta a hannu a bi bango da ita. Uwa tana aika kira cikin matacciyar waya, 'ya tana jin kiran ta cikin siminti, sai ta yi kuka.

To, Yaya akwai son a san ta iya, wannan kowa ya shaida. Ko a wannan hali, da Manaja ya tambaye ta yadda abin ke aiki, sai da ta buɗe baki.

"Wani wuri a cikin ginin nan wayoyi biyu sun haɗu, shi ke ƙone muku fis. Muddin suna haɗe, kukan nan zai fito da ƙarfi, ba yankewa. Da an raba su, zai koma ƙasa-ƙasa. In ka ji ya yi ƙasa, matsala ta kau, sai a kunna."

Manaja ya gyaɗa kai. Ashe irin mutanen nan ne da ba a faɗa musu magana sau biyu.

Ta ɗora 'yar a bango, ta fashe da kuka siriri mai tsini. Yaya ta bi shi. Wayar ta hau sama daga akwatin, ta bi ta saman ƙofa, ta miƙe da tsawon bango. In Yaya ta kauce kaɗan kukan ya dushe, in ta dawo kan hanya ya tashi. Tana tafe tana zana layi da alli, mai gadi yana biye da ita, tana jin numfashinsa a ƙeyarta. Aikin Auta ne babu tantama. Shi kaɗai ke kai waya har kusurwa sannan ya karya ta, don ya ce ba ya son wani ya zo kafa ƙusa ya same ta. A bayan injin na ƙarshe wayar ta gangaro ƙasa, ta shige bayan kwalaye.

"A kwashe mini waɗannan," ta ce.

"Babu komai a nan, ƙarshen gini ne."

"Wayar ba ta san da haka ba."

Manaja ya yi wa mai gadi alama da kai. Da aka janye kwalayen sai ga bango mai sabon fenti, da wani kabad na ƙarfe jingine da shi. A ƙasa, gefen kabad ɗin, siminti ya ƙarje a zagaye, irin ƙarjewar abu mai nauyi da ake yawan turawa a dawo da shi. Yaya ta gani, ta ɗauke ido. Ta tsuguna, ta murɗa ƙarar 'yar har ƙarshe, ta manna ta a gindin bangon. Kukan ya cika zauren.

Sai ya yanke, ya koma ƙasa-ƙasa.

Ya dawo, ya yanke. Ya dawo. Ya ɗan jima, ya sake yankewa bibbiyu. Ya jima, ya sake.

Waya ba ta yin haka don kanta. Wani ne a bayan bangon nan yake raba wayoyin yana haɗawa, wani da ya ji kukan 'ya ta cikin bulo ya gane ta, wani da ya san bibbiyu. Nan take komai ya faɗo mata. Shi ya haɗa wayoyin tun farko, da gangan, don fis ya yi ta ƙonewa har a rasa yadda za a yi a kira mai na'ura, kuma ya san mai na'ura ɗaya ce a garin. Ɗan banzan yaro, mai kan tsiya. Da rai. Hawaye suka cika mata ido, ta sunkuyar da kai kamar alli take nema.

"Mene ne wannan?" in ji Manaja.

"Haɗi ne ya saki, yana rawa. Zan koma shago in ɗauko guduma, sai an fasa nan."

"Haɗi ne ke rawa bibbiyu?"

Ya juya ya kalli mai gadi. Mai gadin ya daburce.

"Wallahi ranka ya daɗe ni na ɗaure shi da kaina. Hannuwa ta baya, a jikin bututu. Ƙafafun ma a ɗaure suke. Ba yadda za a yi ya taɓa komai."

Hannu a ɗaure, ƙafa a ɗaure. Da me yake raba wayar, in ba da abin da ya saba ba?

A daidai nan kukan ya yi ƙasa, ya zauna a ƙasa. Manaja ya karkata kai yana saurare.

"Kin ce in ya yi ƙasa matsala ta kau," ya ce. "Ba ni fis ɗin."

Da ta yi shiru, da ta ƙirƙiro wata ƙarya, wataƙila da abin bai kai inda ya kai ba. Amma bakin da aka horar tun yana ƙarami ba ya tsayawa shawara.

"Kada ka kunna, a bakinsa take!" Ta juya ta daki bangon da tafin hannu. "Auta! Ka haɗa ka saki, ka ja baya! Auta, ka ja baya!"

Bangon bulo ne mai kauri, an cika shi da siminti. Ba ta ji komai daga ciki ba.

Marin ya zo mata ta gefe, kunnenta ya ɗauki ƙara, 'yar ta suɓuce ta faɗi a gindin bangon tana ci gaba da kuka. Manaja ya ciro hankici ya goge tafinsa.

"Auta," ya maimaita. "Ashe 'yar gida ce. Ƙaninki bakinsa ya yi yawa, Malama. An ce ya ja waya zuwa ɗakin haɗa magani, ya tsaya leƙa durom yana tambayar me ake zubawa, wai 'ya'yan mutane ne za su sha. Har da ɗaukar hoto. Tun ranar nake tunanin yadda zan yi da shi kafin mai wurin ya dawo, kaina har ciwo yake." Ya ninke hankicin ya mayar aljihu. "Yanzu kin ce a bakinsa take. Mai gyaran wuta, wuta ta kama shi a bakin aiki. Wa zai yi tambaya?"

Ita ta ba shi dabarar. Da bakinta ta miƙa masa, kamar an aike ta. Baƙin cikin wannan ya fi mata marin zafi.

"Karɓo mini," ya ce wa mai gadi.

Ƙaton ya cafko ta ta wuyan riga. Yaya ba ƙaramar mace ba ce, ta yi shekaru tana ɗaukar tsani da naɗin kebur a kafaɗa. Ta zaro tasta, 'yar sukundireban gwada wuta, daga aljihun ƙirji ta caka masa a bayan hannu, ta murɗa. Ya yi gurnani ya sake ta. Ta zaro fis ɗin, ta ɗaga shi da hannu biyu, ta maka shi a kan siminti da duk ƙarfin da Allah ya ba ta. Tangaran ya tarwatse. Ta bi guntayen da dunduniya tana niƙawa.

Bututun ya sauka a gadon bayanta. Numfashinta ya ɗauke, ta kife. Na biyu ya same ta a haƙarƙari, ta ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Ta kai hannu ta kare kanta, na uku ya sauka a kan hannun. Mai gadin yana duka yana zaginta, jininsa yana ɗiga a kan rigarta. Ta dunƙule, bakinta cike da gishirin jini, kuma duk da haka kunnenta na wajen 'ya. Kukan ya dawo, ya yanke, ya dawo, ya yanke. Bai ji ta ba. Yana can kwance da waya a haƙori, yana ta gaya mata yana da rai.

"Ya isa," in ji Manaja. "Jawo ta nan, ta gyara da hannunta."

Aka ja ta a ƙasa ta ƙafa ɗaya, tun daga ƙarshen zauren har gaban akwatin wuta, kanta yana bugun ƙafafun injina. A waje matan sun ji, ta ga inuwarsu ta ƙasan ƙofa, amma ƙofar a kulle take ta ciki.

"Kina da wani fis a jaka?"

"Babu."

Ya zazzage jakar a ƙasa. Filaya, tef, sukundireba, sifana, guntayen waya, ragowar biskit. Babu fis.

"To haɗa da waya. Na ga yadda suke yi."

Ta tofar da jini. "Ka kashe ni tukuna."

Ya ɗora takalminsa a kan hannunta na dama, wanda bututu ya riga ya samu, ya taka a hankali, yana kallon fuskarta kamar mai duba ko ruwa ya tafasa. Ta ji yatsun suna ba da hanya ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ƙara, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ta yi ƙara har muryarta ta dushe. Amma da ya ɗaga ƙafa ya sake tambaya, ta girgiza kai.

"Kai, zo ka haɗa," ya ce wa mai gadi.

Ƙaton ya ja da baya, yana riƙe da hannunsa mai jini. "Ranka ya daɗe, ni duka aka ɗauke ni. Ban iya wuta ba."

Manaja ya yi tsaki. Ya leƙa cikin akwatin. Gurbin fis ɗin yana nan a buɗe, ƙarfe ɗaya a sama inda wuta ke shigowa, ɗaya a ƙasa inda take fita, tsakaninsu bai kai tsawon yatsa ba. Ga mai kallo daga nesa, abin wasan yara ne, a sa wani abu ya haɗa sama da ƙasa, shi ke nan. Ya sunkuya ya ɗauki sifanarta, doguwa, ƙarfe tsirara tun daga kai har gindi. Ya naɗe hannun farar rigarsa.

Can ƙarshen zaure 'ya tana kuka tana yankewa.

Yaya ta yunƙura ta rungume ƙafarsa da hannun da ya rage mata, ta kafa haƙora a ƙwaurinsa ta cikin wando, ta cije har ta ji nama. Ya yi ihu, ya juyo ya sauke mata sifanar a kafaɗa, ya ƙara a ƙeya. Ba ta saki ba. Mai gadi ya kama ta ta gashi yana ja, ɗankwalin ya tafi, gashin ya biyo hannunsa, ba ta saki ba. Ba ta da wata dabara, ba ta da wani shiri, abin da ta sani kawai shi ne muddin kukan can yana yankewa, mutumin nan ba zai kai ga akwatin ba sai dai ya ja gawarta. Sai da ƙaton ya danna mata babban yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi bakinta ya buɗe. Ya yi jifa da ita jikin injin, ya danne mata wuya da gwiwa.

Manaja ya miƙe yana ɗingishi, gumi ya jiƙa shi sharkaf, turaren duk ya gudu. Ya gyara riƙon sifanar.

A nan ne kukan ya canza. Ya dawo da ƙarfi, ya miƙe. Yaya ta daina numfashi tana jiran ya yanke. Bai yanke ba. Ya tafi santal, siriri, ba rawa ba gargada, kukan wayoyin da aka murɗe su tare aka sake su. Ko ya ji muryarta ne tun ɗazu sai yanzu ya samu ya murɗe, ko ihunta ne ya ratsa bulo ya gane abin da ake ciki, oho. Ya haɗa, ya saki.

Ta san abin da ke jiran sifanar nan. Wayoyi a haɗe a can, babu fis a nan da zai ƙone ya tare, duk wutar layin za ta bi ta cikin ƙarfen da ke hannun mutum mai jiƙe da gumi, fuskarsa a bakin akwati. Manaja ma ya ji kukan ya canza, ya ɗan tsaya. An gaya masa ma'anar kuka mai ƙarfi, amma fis kaɗai aka ce masa yana ƙonewa, kuma shi a ganinsa ƙarfe ba ya ƙonewa. Ya juyo ya kalle ta. Ta tabbata da ta ce uffan, da ya janye hannu.

Kalmar ta taso mata har kan harshe, da kanta, yadda ta saba tasowa tun Yaya tana 'yar yarinya a kan benci a shagon Baba. Ta faɗa wa almajiran shago, ta faɗa wa masu gida, ta taɓa faɗa wa wani ɓarawon kebur da ta kama a kan katanga. Gwiwar mai gadi ba ta hana ta magana ba, akwai sauran iska a maƙogwaronta. Ta rufe bakinta, ta kalle shi.

Ya kai sifanar.

Haske ne fari, wanda ya fi na walda, da ƙara kamar an fasa taya a cikin kunne. Akwatin ya yi aman wuta da narkakken ƙarfe. Manaja ya tashi sama ya faɗo da baya a kan tiren kwalabe, rigarsa tana ci, kwalabe suna fashewa a ƙarƙashinsa, jan maganin yana malala. Hannunsa na dama ya ƙanƙance ya yi baƙi. Fuskar kuwa, gara kada a faɗa. Ƙafafunsa suka yi ta shure-shure a cikin gilas, sannan suka rage, sannan suka bari. Uwa ta narke a jikin wayoyinta, 'ya ta yi shiru. Zauren ya cika da hayaƙi da ƙaurin gashi.

Gwiwar ta bar wuyanta. Mai gadi ya zare sakata ya fita a guje, ya bangaje matan da ke bakin ƙofa, ko bututunsa bai ɗauka ba.

Matan suka shigo suna salati, suna toshe hanci. Wata dattijuwa a cikinsu ta kwance mayafinta ta kashe wutar da ke jikin rigar, ta duba shi, sannan ta ja mayafin ta rufe har kansa. Yaya ta dafa injin ta miƙe. Kowane numfashi kamar ana soka mata wuƙa a haƙarƙari.

"Kada wadda ta matsa kusa da akwatin nan," ta ce. "Ku zo ku tura mini kabad."

Suka taru suka tura. Ƙaramar ƙofar ƙarfe ce a baya, da kwaɗo. Da bututun mai gadin dattijuwar ta yi ta dukan kwaɗon har ya ɓalle.

Ɗakin babu taga. Durom-durom ne a jere, da zarni, da ƙaurin robar da ta ƙone. Auta yana kwance a gefensa, hannuwansa ta baya a jikin bututun ruwa, ya ja jikinsa iya inda igiya ta bari. A gindin bango, inda soket yake a da, sai baƙin rami yana hayaƙi. Ya rame, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓɓansa sun tsattsage, ɓalgataccen haƙorin nan ya tafi gaba ɗaya. Gefen gashinsa ya babbake. Ya buɗe ido mai kyaun ya dube ta sama da ƙasa.

"Yaya," ya ce, maganar tana fita da iska ta gurbin haƙorin. "Kin yi latti. Kuma kin yi muni."

"Rufe mini baki, mai cin waya."

Ta zube a gabansa, ta ɗora goshinta a kan nasa, ta yi kuka mai sauti, ba kunya, matan suna tsaye a bakin ƙofa. Daɗi da ciwo suka haɗu mata har ba ta san wanne ne ke girgiza ta ba. Wata ta kawo ruwa a murfin durom mai tsabta, aka ɗiga masa a baki.

"Inna fa?" ya ce.

"Tana bakin ƙofa tana jiranka. Za ka ci ubanka a hannunta."

Ya so ya yi dariya, leɓɓan suka hana. Ya shaƙi ƙaurin da ke shigowa daga zaure.

"Wa ya kunna?"

"Manaja."

"Ina fis ɗin?"

"Na fasa shi. Da sifana ya haɗa."

"Da hannu?"

"Da hannu."

Auta ya lumshe ido, ya buɗe. Shi ma ɗan shagon nan ne, a kan benci ɗaya aka zane su.

"Kin faɗa masa?"

Ta kai hannun hagu kan igiyar, ta ja ƙullin. An ɗaure shi tamau, ya nutse cikin naman wuyan hannunsa, yatsu biyar ba za su iya ba, na daman kuwa sun kumbura sun karkace, ko motsi ba sa yi.

"Yaya. Kin ce masa da rai?"

"A'a," ta ce.

Ba ta ɗago ta ga yadda yake kallonta ba. Ta sunkuya a bayansa, ta sa haƙori a kan ƙullin, ta fara ja.